Kujerun Aro a Gidan Rufa'i Ɗankwangila

A unguwar Pantami ta Gombe, in ka tambayi gidan Malam Rufa'i za a ce maka wanne daga ciki. Amma ka ce Ɗankwangila, mai shayin bakin titi ma zai nuna maka lungun da cokali yana ƙunshe dariya. Kwangilar nan da ake ta faɗa guda ɗaya ce tak a duk rayuwar mutumin. Bencina ya kai wata firamare a bayan gari, tun Gombe tana sabuwar jiha, kuma wani kawunsa ne ya samo masa aikin don ya huta da zaryarsa. Bencinan sun karye tuni, an hura wuta da su, yaran da suka zauna a kai yau suna da gemu da iyali. Malam Rufa'i kuwa yana nan yana cin sunan, ko kunya babu.

Ubansa Bakano ne, sayen auduga ya kawo shi Gombe, ya ga wuri ya zauna. Mutum ne mai neman na kansa, wanda ba ya jin nauyin ɗora buhu a ka in leburori sun yi ƙaranci. Ya gina gida, ya je Makka, ya rasu ya bar 'ya'ya cike da zaure. Da aka sayar da gidan aka raba gado, 'yan'uwan Rufa'i kowa ya ja nasa ya shiga kasuwa. Shi kuwa gogan naka sai ya ɗinka shaddoji, ya sayi wata tsohuwar mota wadda ta fi sanin garejin makanike fiye da titi, ya riƙa zagaya gari da gilashi a sauke don a gan shi. Ya ɗan taɓa aikin akawun sito a wani kamfanin auduga, inda babban aikinsa shi ne daka wa leburori tsawa. Kamfanin ya rufe, motar ta tafi, shaddojin suka fara koɗewa. Tun daga nan bai sake yin wani abu da za a kira sana'a ba.

Ba don ba a yi masa tayi ba fa. Wan matarsa ya ce ya zo ya riƙe masa shagon hatsi a babbar kasuwa, Malam Rufa'i ya daina amsa gaisuwarsa har sai da aka shiga tsakani. Wai shi, ɗan Alhaji, a zaunar da shi a bayan kwanon awo! Wani tsohon abokinsa ya samo masa aikin kula da masu gadi a wata makaranta, ya ce wannan ai zagi ne a fakaice. To me kake so, Malam? Kwangila. Ita yake jira, tana nan tafe, saura sa hannun wani babba da ya yi tafiya.

Kullum da hantsi zai fito cikin sitati, hula ta sha kari, takalmi yana ƙyalli, da wani fayil a hammata wanda ba a taɓa ganin cikinsa ba. Ya nufi majalisarsu da ke gindin wata bishiya kusa da filin wasa, ya zauna ya harɗe, ya yi ta gyara wa gwamnati kuskurenta har azahar. In aka sayi dafaffen rogo aka ce bismilla, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdulillahi, yanzu na tashi daga kan tuwon shinkafa." Idonsa kuwa yana raka kowane yanki har bakin mai shi. 'Yan majalisar sun sani sarai, an dai bar shi ne saboda yana ba su nishaɗi.

Mai riƙe da gidan ita ce matarsa Inno, siririyar Bafulatana marar yawan magana. Awara take soyawa. Tun asuba tana kan waken suya, daga niƙa sai tata sai dafawa, hayaƙi ya gama cinye mata ido. Amma an kafa mata doka, ba a ciniki a ƙofar gidan Ɗankwangila. Sai dai ta miƙa wa maƙwabciya ta katanga, ita ta sayar a ƙofarta ta cire ladanta. In wani ya yi suɓul da baka ya ambaci awarar a gabansa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ka san mata, ba sa iya zama haka kawai. Sha'awa ce." Sha'awar nan ce ke biyan hayar ɗaki biyun da suke ciki, ita ke sayen gawayin da ake yi masa guga, kuma da ita yake karyawa kafin ya fita, yana mitar yaji ya yi yawa.

Babbar 'yarsu, Halimatu Sadiya, a cikin wannan hayaƙin ta taso, kuma ta fito da kai mai kyau, wanda ba sai an faɗa maka ɓangaren da ta gado shi ba. Tun lokacin da ƙaninta ya kwanta a asibiti tana jinyarsa, ta ga yadda wata ma'aikaciya ke nemo jijiya a hannun yaro tana yi masa hira har bai san an soka ba, ta ƙudurta aikin da za ta yi ke nan. Ta gama sakandare da sakamakon da malamanta suka riƙa nuna wa juna. Kuɗin kwaleji kuwa ko a mafarki babu shi a gidan. Sai wata malamarsu ta kawo mata labarin wata kwalejin koyon aikin jinya, wadda wata gidauniya ke ɗaukar nauyin 'yan kaɗan daga cikin ɗalibanta, tun daga kuɗin makaranta har abinci da wurin kwana. A shekarar da ka gama sakandare kaɗai ake nema, in ta wuce ka shi ke nan. Kuma a takardar neman shiga sai ka bayyana halin da gidanku yake ciki, uba ya sa hannu a ƙasa.

Sadiya ta rubuta gaskiya, ba ragi ba ƙari. Ta ce mahaifinta ba shi da aiki tun tana ƙarama. Ta ce awarar mahaifiyarta ke ciyar da su, kuma ranar da ba a yi ciniki ba sai a kwana da kunu. Ta faɗi yadda aka taɓa koro ƙaninta daga makaranta ya yi zango guda a gida, da yadda suke jera kwanoni a ɗaki in ana ruwa. Ta buga a shagon kwamfuta, ta kawo gida bayan la'asar, ta durƙusa ta miƙa masa.

Ya ɗauko tabarau, don shi mai Turanci ne, ya fara karantawa yana gyaɗa kai. Kafin ya kai tsakiya kan ya tsaya cak.

"Ke! Wane ne ba shi da aiki?"

"Baba, cewa suka yi a faɗi yadda..."

"Tambayarki nake yi, wane ne ba shi da aiki? Fitar da nake yi kullum, yawon banza nake zuwa?"

Ya miƙe yana ta surfa faɗa. Wai 'yar cikinsa ce za ta yi masa tonon silili, a rubuce kuma, da Turanci don duniya duka ta karanta. Abin da Allah ya rufa shekara da shekaru, ita ce za ta yaye? Ina tarbiyya? Ashe kunun da ake sha ma ana ƙirgawa!

Inno tana bakin ƙofa da matsami a hannu. Ta bari sai da numfashinsa ya ƙare, sannan ta ce, "Malam, in akwai ƙarya a ciki ka nuna mata ta goge. In babu ka sa hannu."

Ya sake bin takardar layi-layi yana neman ƙaryar, bai samu ba. Can ya tambaya cikin fushi wa zai karanta wannan abin kunyar. Sadiya ta ce ta kwamfuta ake turawa, babban ofishin gidauniyar yana Legas. Nan take fuskarsa ta saki. Legas! Wa ya san Rufa'i a Legas? Ga shi kuma mutum ne mai son sa hannu, ya daɗe rabon da a kawo masa takarda a durƙusa. Ya zaro biro ya zana wani sa hannu mai doguwar wutsiya, wanda ya kusa cinye rabin shafin.

Da abin ya tsaya nan da an huta. Bayan 'yan makonni sai aka kira wayar Inno. Sadiya ta tsallake matakin farko, kuma ranar Asabar ma'aikatan gidauniyar za su zo su ga gida da idonsu. Ba daga Legas ba, daga ƙaramin ofishinsu da ke nan unguwar Barunde. Sadiya ta yi tsalle, Inno ta ɗaga hannu sama tana godiya. Malam Rufa'i kuwa abu ɗaya kunnensa ya ɗauka daga duk bayanin, wato baƙi za su shigo gidansa, 'yan gari, da mota.

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya dube shi kamar yau ya fara shigarsa. Tabarma ce da ta zare a gefe, da kujerar roba mai ɗaurin waya a ƙafa, da bangon da ruwa ya zana. Zufa ta keto masa. Washegari bai je majalisa ba, ya taka har unguwar Manawashi wurin Ɗan'azumi, wani ɗan majalisarsu mai sayar da kayan ɗaki na hannu. Ya ce aron kujerun kushin yake so na yini ɗaya, da kafet, da talabijin, in da hali har da firij.

Ɗan'azumi ya ji dalilin ya riƙe haɓa. "Malam Rufa'i, tsaya. Waɗannan fa ba surukai ba ne. Talauci za su zo dubawa. In ka ɓoye shi, me za su gani?"

"Kai ɗan kasuwa ne, ba ka san manyan mutane ba," in ji Malam Rufa'i. "Babba ba ya taimakon wanda ya raina. In suka shigo suka ga gida tsaf, za su ce wannan yarinya daga gidan mutunci ta fito, a ba ta. Ni na zauna da manya, na san halinsu."

Ɗan'azumi ya dube shi ya ga babu wurin shigar magana. Ya kira masu tura kurar ɗaukar kaya, ya ce don Allah dai kada a zuba wa kujerun miya.

Da kurar farko ta shigo lungu Sadiya ta gane abin da ake shiri. Ta bi shi ɗaki ta durƙusa.

"Baba, don girman Allah a mayar. In suka ga kayan nan za su ce ƙarya na rubuta."

"Ke kika san baƙo ko ni? Mutum ya tako ƙafarsa har gidanka, ka zaunar da shi a tsumma? Haka kika ga ana yi a garin nan?"

"Baba, ai abin da suka zo gani ke nan."

"To ba za su gan shi a gidana ba. Tashi ki riƙe musu kafet."

Karrama baƙo abu ne da kowa ya taso ya tarar, ba wanda zai ce laifi ne. Ko wanda ba shi da komai yakan share tsakar gida ya aro kofin gilashi. Amma shi Malam Rufa'i ba baƙin yake karramawa ba, kansa yake yi wa hidima. Ya sa aka shafa wa bango farar ƙasa. Ya aro janareto a wurin mai aski. Ya sa aka ƙetara da kaskon awara da buhun wake gidan maƙwabciya, aka wanke baƙin murhu. Kajin Inno guda biyu, waɗanda take tattali don ranar da ciwo zai faɗo, ya sa aka yanka. Inno ta fige su hawaye na ɗiga a cikin ruwan zafin.

Ranar Asabar da hantsi mota ta tsaya a bakin lungu. Wata mata ce ta fito, Madam Hilda, mutuniyar Kaltungo, mai furfura jefi-jefi da takalmi marar tsini, da wani saurayi mai rubuta abin da aka faɗa. Suka tarar da maigida cikin babbar riga, yara cikin kayan Sallah, janareto yana ruri har sai an ɗaga murya, talabijin yana ta nuna ƙwallo ba mai kallo. Kujerun sun cika ɗakin har ƙofa ba ta buɗuwa duka. Aka dire musu kaji da shinkafa da lemo mai sanyi. Madam Hilda ta ce sun gode, a ƙoshe suke. Ya rantse sai sun taɓa.

Ta juya wajen Sadiya ta fara tambaya, amma kowace tambaya kafin ta sauka Malam Rufa'i ya cafe.

"Malam, me kake yi yanzu?"

"Kwangila, Madam. Gine-gine, kayan makarantu, da sauransu. Yanzu haka akwai wata a gaba."

"Akan samu ranar da ba a ɗora tukunya ba?"

Ya yi wata dariya ta manya. "A gidan nan? Allah ya kiyaye. Muna cikin rufin asiri, alhamdulillahi."

"Maman yara tana sana'a?"

"Ɗan abin da mata ke yi don kada hannu ya yi sanyi. Ni ban ma san inda take kai kuɗin ba."

Saurayin yana ta rubutawa. Madam Hilda ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗakin, ta dubi Inno da ke raɓe a bakin ƙofa, sannan ta dawo kan yarinyar.

"Halimatu, abin da kika rubuta mana daban, abin da Baba yake faɗa daban. Ke nake tambaya yanzu. Wanne ne gaskiya?"

Ga ubanta a zaune yana kallonta, ga baƙi, ga ƙannenta sun zuba mata ido. Yarinyar da tun da ta yi wayo ba ta taɓa musa wa ubanta ba ko a bayan ido, yau ake so ta ƙaryata shi a gaban mutane. Malam Rufa'i ya gyara zaman hularsa ya yi gyaran murya. Da akwai ɗigon tausayi a cikinsa da nan zai ce, Madam, bar yarinyar, ni ne. Bai ce ba.

"Na ƙara gishiri, Madam," in ji Sadiya, kanta a ƙasa.

Saurayin ya rubuta. Suka yi sallama, Malam Rufa'i ya raka su har mota yana ɗaga murya don maƙwabta su ji, yana cewa a gaida mutanen ofis. Ya dawo baki har kunne, ya zauna a kan kushin ya ja kwanon kaza gabansa, ya ce ai ya gaya musu ya san manya. Kafin magariba masu kura suka zo suka kwashe komai, ɗakin ya koma yadda yake, sai ƙarin farar ƙasa da ke goge wa mutane riga.

Sadiya ba ta ci abinci ba a ranar, washegari ma haka. Ranar Litinin ta saka hijabinta ta taka har Barunde ba tare da ta gaya masa ba. Madam Hilda ta zaunar da ita ta ba ta ruwa.

"'Yata, ba yau na fara shiga gidajen mutane ba," in ji ta. "Kujerar da na zauna a kai har da farashinta a rubuce da alli a baya. Amma abin da maigida ya faɗa a gaban shaida, ke kuma kika tabbatar, shi ke cikin rahoto, ba ni da ikon canza shi da zato. Hanya ɗaya ce ta rage. Ranar Juma'a nake tura sunaye. In Baba ya zo kafin nan ya faɗa da bakinsa cewa abin da kika rubuta gaskiya ne, zan gyara, kuma da irin sakamakonki ba na jin za a bar ki."

Sadiya ta kawo maganar gida. A wannan karon Inno ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shigo har tsakiyar ɗaki ta zauna a gabansa.

"Malam, tun da na shigo gidanka ban taɓa roƙonka zane ba. Ka hana ni ciniki a ƙofa, na bi. Ka yanka min kaji, na fige. Yau ina roƙonka kalma ɗaya. Ka je ka ce gaskiya ne. Mace ɗaya ce za ta ji, a cikin ofis, ba a kasuwa ba."

Ya yi ta kame-kame. Ya ce an yi masa gaggawa, ya ce matar nan ba ta san aikinta ba, ya ce zai yi tunani. Ya kwana biyu yana tunanin, kamar wanda aka ce ya ba da ƙoda. Ranar Alhamis dai ya ce a yi masa guga. A ransa ya riga ya shirya yadda zai yi, zai ce abubuwa ne suka ɗan tsaya kwanan nan saboda ba a biya shi wani aiki ba. Ya ga wannan ba ta da zafi sosai, mutum zai iya faɗinta ya fito da hularsa a kai. Ya tafi, Sadiya tana biye da shi a baya. Da suka isa ya ce ta jira a gindin dalbejiyar da ke ƙetaren titi, maganar manya ce.

Yana sa ƙafa a harabar ofishin wani dattijo ya zabura daga kan benci.

"Oga! Oga Rufa'i! Ashe rai kan ga rai!"

Bamanga ne, ɗaya daga cikin leburorin da yake daka wa tsawa a siton auduga, yanzu shi ne masinjan ofishin. Ya rusuna ya kama hannunsa da hannu biyu, ya karɓi fayil ɗin ya riƙe masa, ya yi masa jagora har gaban teburin Madam yana zuba bayani. "Madam, wannan ogana ne. Ɗan Alhaji mai auduga. Babban ɗan kwangila ne, duk Pantami an san shi. Ko taimako ya kawo wa marayunmu ne?"

Malam Rufa'i ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga ka har ƙafa. Rabonsa da a kira shi oga da gaske, ba da zolaya ba, har ya manta.

Madam Hilda ta ce, "Bamanga, ba mu wuri." Ya fita ya ja ƙofa, amma bencinsa yana nan daidai ƙarƙashin taga, kuma tagar a buɗe take. Malam Rufa'i yana hango ƙeyarsa da hularsa.

Matar ta sauƙaƙa masa iyakar sauƙi. Ta rage murya ta ce, "Malam, na gode da ka zo, na san ba abu ne mai sauƙi ba. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Abin da Halimatu ta rubuta gaskiya ne? E ko a'a kawai."

Ya buɗe baki. Ya dubi tagar. Ƙeyar Bamanga ta ɗan motsa, ƙila ƙuda yake kora, ƙila kuma kunne ya kasa. Tsohon lebura ne fa, wanda ba ya zuwa majalisarsu, ba ya zama a unguwarsu, wanda in ya ji ma iyakarta ya ce Allah sarki. A ƙetaren titi kuma ga yarinya tana tsaye a gindin dalbejiya da duk abin da take fata a duniya. Malam Rufa'i ya auna biyun, ya zaɓa.

"Yarinta ce, Madam," ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji a waje. "Ta ga ƙawayenta suna rubutawa ita ma ta rubuta. Na zo ne in ba da haƙurin ɓata muku lokaci. A ba mabuƙata, mu alhamdulillahi."

Madam Hilda ta ajiye bironta. "Malam, ka san abin da wannan amsar za ta jawo? Ba a sake nema baɗi."

"Allah zai buɗa wata hanyar. Akwai abin da nake jira."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa abin da aka tako a hanya. Sannan ta rufe fayil ɗin Sadiya ta tura shi gefe, ta ce ya sauka lafiya. Bamanga ya raka shi har bakin ƙofar harabar yana yi masa addu'a, shi kuma yana amsawa da hannu ɗaya.

Sadiya tana hango shi ta ƙetaro titi da gudu, har wani mai acaɓa ya zage ta.

"Baba, an dace? Ka faɗa mata?"

Ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa. "An gama magana," ya ce.

Yarinyar nan ta durƙusa a gefen titi, a gaban masu wucewa, ta kama gefen rigarsa tana kuka tana dariya. "Na gode, Baba. Na san da wuya. Wallahi ba zan ba ka kunya ba. Allah ya ƙara girma."

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Tashi, mutane suna kallo."

Da suka isa gida Inno ta rangaɗa guɗa, ta ce masa ta yafe kajin, ta yafe komai. Ya ce a rage murya, kuma kada a gaya wa kowa tukuna sai sunaye sun fito. Sadiya ta ce to. Ta karɓi ludayi daga hannun uwarta ta ce yau ita za ta yi wa Baba girki da hannunta. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta zuba masa ɗan man shanun da Inno ke ɓoyo, tana yi tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, tana gaya wa ƙannenta kalar rigar da ɗaliban kwalejin ke sawa. Ta kawo masa ta durƙusa, ta zuba masa ruwan wanke hannu.

Ya cinye tas, ya tambaya ko da saura.